Ina azurfar Sifaniya ta shige?

Tambaya: Malam, na ji an ce Sifaniya ta taɓa mulki tun daga nahiyar Amurka har Filifin. Yaya aka yi ta kai can, me kuma ya durƙusar da ita? Daga wata ɗalibar tarihi.

Amsa: Malama, aure ne mafarin abin. A 1469 Fadinand na Aragon ya auri Isabela ta Kastil, masarautu biyu na ƙasar Sifaniya suka haɗe. A 1492 suka ci Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a shekarar kuma Kolombos ya tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka da kuɗinsu. Kotes, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya rusa daular Aztek ta Meziko a 1521, takwaransa Pizaro ya bi da ta Inka a Kudancin Amurka.

Amma ni inda nake so ki tsaya ki duba shi ne Potosi, wani dutse a ƙasar Bolibiya ta yau, inda aka gano azurfa a 1545. 'Yan ƙasa ake tilasta wa shiga ramuka, suna hawowa da buhunan duwatsu a baya, da kyandir a cikin duhu. A loda wa jirage, a sauke a birnin Sebil na Sifaniya. To daga nan fa? Tun kafin jirgi ya iso an riga an cinye kuɗin, don sarki ya karɓi bashi a hannun attajiran birnin Jenowa na Italiya da na Jamus ya biya sojoji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Sarki Filib na Biyu, mai wannan dukiya duka, ya kasa biyan bashi a 1557, da 1575, da 1596. Kaya kuma suka yi ta tsada a gida.

Mutane sun fi son labarin jiragen yaƙi kusan 130 da aka tura Ingila a 1588 suka sha kashi. A ganina an cika zuzuta shi. Yaƙin da Holan ta yi na neman 'yanci daga Sifaniya, wanda ya ci shekara 80, shi ya fi tsotse ta. Ga kuma korar Moriskawa, jikokin Musulmi, kusan 300,000 daga 1609, da yawansu manoma.

Sauran gangara ce. Sarki Kalos na Biyu ya mutu a 1700 babu magaji, aka yi yaƙin gado, Jibralta da ke kudancin ƙasar ta koma hannun Ingila. Napoliyon na Faransa ya mamaye Sifaniya a 1808, su Boliba, jagororin neman 'yanci a Kudancin Amurka, suka ga dama ta samu, suka ɓalle. Kyuba da Filifin na cikin waɗanda suka saura, ƙasar Amurka ta raba ta da su a 1898.