Langa da Yarana Za Ta Iya Maye Gurbin Gudun Safe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Gombe, shagona yana babbar kasuwa, shekaruna 46. Wata huɗu da suka wuce aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa, aka ɗora ni a kan magani, aka kuma ce lallai in riƙa motsa jiki. Na sayi kambas, na fara sassarfa wajen filin wasa na Pantami bayan sallar Asuba. Kwana tara na yi na watsar, ba don gajiya ba, abin ne kawai ya gundure ni. To ran Juma'a da yamma yarana suka ja ni langa a ƙofar gida, na jiƙe sharkaf da gumi, na yi dariyar da rabona da ita an daɗe. Shin wannan yana cikin motsa jikin da kuke nufi, ko shiririta ce kawai? Sannan mai ɗakina ma jiki ya yi mata nauyi, kuma ba za ta iya fita titi tana gudu ba. Me za ta yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaran albarka, don sun yi maka abin da mu ma'aikatan sashen gashin ƙashi na asibiti muke fama mu yi wa mutane mu kasa.

Langar da ka yi motsa jiki ce cikakkiya. Zuciyarka ba ruwanta da ko kambas ka sa ko silifa, ko a filin Pantami kake ko a ƙofar gida yara na yi maka ihu. Abin da ta sani shi ne tsokokin ƙafa sun nemi ƙarin jini, ita kuma ta ƙara bugawa ta kai musu. Idan hakan na faruwa a kai a kai, hanyoyin jini sukan saki su rage tauri, shi ya sa mai hawan jini da ya lizimci motsa jiki lambar sama ta awonsa kan sauka da kamar 5 zuwa 8. A ido kaɗan ne, amma a wurinmu babban abu ne, domin yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sai dai kada ka ce tunda ka fara langa bari ka ajiye magani. Wanda ya ɗora ka shi ne zai rage maka in lokaci ya yi.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 shi ne baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Da can ana cewa sai motsin ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi, a wannan sabon ma'aunin an cire sharaɗin. Wannan ya yi wa wasa daidai, tunda shi wasa ba a jere yake tafiya ba: a yi tsalle, a faɗi, a tsaya musun wa ya saki ƙafa, a koma. Hanyar gane matsayin da kake mai sauƙi ce. In kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici kake yi. In kalma biyu uku kawai kake fitarwa sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Langa ta gaske cikin mai tsananin take.

Kwana taran da ka yi ka watsar bai ba ni mamaki ba. Na ga kambas da yawa da suka koma takalmin zuwa gona. Mai sassarfa shi kaɗai ba abin da yake ji sai nauyin ƙafarsa da hakinsa, yana duba agogo yana ganin minti biyar kamar awa. Wanda ke ƙoƙarin ture ɗansa a langa kuwa hankalinsa na kan yaron, sai an kira Magariba yake lura rigarsa ta jiƙe. Ga kuma masu tuni: titi ba zai zo ya buga maka ƙofa ba, amma yaron da ya kayar da babansa sau ɗaya ba zai bar ka ka huta ba. A ganina motsa jikin da ake mutuwar so a koma masa ya fi wanda aka tsara da kyau a takarda aka yi kwana tara.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don a nan ne masu irin shekarunka suke zuwa hannunmu. Kanka yana tune da yadda kake langa kana ɗan shekara 12, amma jijiyoyinka sun yi shekara talatin a kan benci a shago. Zuciya da tsoka sukan farfaɗo cikin 'yan makonni, jijiya kuwa sai ta ɗauki watanni kafin ta yi ƙwari. A wannan tsakanin ne mutum yake jin ƙarfi ya dawo, ya zabura, abu ya tsinke. Akwai wani bawan Allah da aka taɓa kawo mana bayan Babbar Sallah, tsofaffin abokan makaranta sun haɗu sun ce bari a taɓa ƙwallo a tuna da. Ya yunƙura zai bi ƙwallo sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa. Ya waiga yana neman wanda ya jefe shi, ba kowa kusa da shi. Agararsa ce ta tsinke, wato jijiyar nan mai kauri da ke haɗa dunduniya da tsokar sha-raɓa. Ya yi makonni ƙafa a ɗaure, ya yi watanni yana zuwa gashi. Wannan rauni ya fi samun maza 'yan 30 zuwa 50 da ke wasa jefi-jefi, kuma langa, da yake duk nauyin jiki a kan ƙafa ɗaya yake sauka, tana matsa wa agara da idon sawu da gwiwa ƙwarai.

Ba cewa nake ka bar ta ba. Langa ba ƙaramin wasa ba ce, tana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a bikin wasanni na ƙasa tare da dambe da kokawa, kuma da wuya a samu abin da ya fi ta koya wa jiki daidaito, wanda shi ne ke hana tsoho faɗuwa a banɗaki. Amma ka hau ta da tsani. Makonni biyun farko ka riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya kusa da bango, daƙiƙa 20 zuwa 30, ka sauya ƙafa, sannan ka dafa bango ka yi ɗage ka sauka a hankali sau 10 zuwa 15. Yaran ma za su mayar da shi gasa, a ga wanda zai riga dire ƙafa. Bayan nan ka shiga langa, amma a kan rairayi ko ƙasa mai laushi, ba siminti ba, zagaye gajere, kana sauya ƙafar da ka riƙe. Kafin ku fara ka yi tafiya da ɗan sauri ta minti biyar zuwa goma jiki ya ɗumama. Kuma ranar da ƙannenka samari suka shigo wasan, kai ka zama alƙali.

Sauran kwanakin mako ka cike da abin da bai kai langa zafi ba. Ƙwallon tebur ta dace da mai jiki irin naka, gumi ba tare da bugun gwiwa ba. Ƙwallon raga ma tana cikin lissafi, in an samu igiya an ɗaura tsakanin sanduna biyu a fili. In kuma ƙwallon ƙafa ce a ranku kai da 'yan majalisarku, akwai wani salo da aka fito da shi a Ingila saboda waɗanda suka haura 50: ana buga ƙwallo amma an hana gudu, wanda ya ruga an busa masa. Da ji abin dariya ne, amma ku gwada minti 30 ku ga yadda riga za ta yi. Jan igiya kuwa ban ba ka shawara ba yanzu, domin mutum kan riƙe numfashi ya yi nishi, kuma hakan na harba jini sama nan take. Dara da ludo da karta suna wasa ƙwaƙwalwa, suna da daɗin hira, amma a zaune ake yinsu, ba sa shiga lissafin nan.

Na san abin da ba ka faɗa ba: mutane za su ce babba da kai, da gemunka da furfura, kana tsalle da ƙafa ɗaya a layi. Za su faɗa. Su ɗin dai ne za su zo dubiya da ledar lemo in ciwo ya kwantar da kai. In kunyar ta yi yawa, a shiga tsakar gida a rufe ƙofa.

Tsakar gidan ce ma amsar Hajiya. Mata sun fi mu gadon wasannin da ba sa buƙatar fili. A sami gawayi a zana gidajen gala-gala, a nemo tsingaro, ta shiga layi da 'yan matanta. Tunda jiki ya yi nauyi, kada ta fara da tsallen ƙafa ɗaya: ta riƙa taka gidajen da ƙafa biyu, ta durƙusa da gwiwa ta ɗauki tsingaron maimakon ta sunkuya da baya. Wannan durƙuso da miƙewa shi ne ainihin abin da ke ƙarfafa cinya, cinya mai ƙarfi kuma ita ke ɗauke wa gwiwa kaya. Gaɗa ta fi komai: tafi, rausaya, juyi, waƙa, minti 20 ta wuce ba a sani ba. In maƙwabta biyu uku suka shigo bayan La'asar, shi ke nan an kafa. Abu ɗaya zan cire, wato faɗawa ta baya a cafe mutum, don wadda za ta cafe tana iya samun ciwon baya, wadda ta faɗa kuma ƙasa ba ta da tausayi. Tsallen igiya a bari sai nauyi ya ɗan ragu. In tana da juna biyu, duk wasan da ake faɗuwa ko ture-ture a ajiye shi, a tsaya a kan tafiya da rausaya. In kuma tana da ciwon suga, motsin zai taimaka sosai, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, amma ta sa takalmi rufaffe, ta duba tafin ƙafarta bayan wasa, ta ajiye dabino kusa idan tana allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga da yawa.

Ka san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, har yakan kai maki 40. A irin wannan lokaci wasa sai da sassafe ko sakaliya, da ruwa a kusa, musamman in maganinka irin mai sa fitsari ne. Da hunturu in hazo ya yi kauri, mai asma ya yi wasansa a ciki. Da azumi a bari sai an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa.

Tunda kana da hawan jini, ka riƙa aunawa. In ka ga ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, ranar ba wasa, asibiti za ka. In ana cikin wasa ka ji ƙirji ya ɗaure ko ya yi nauyi, ko ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko hakin da ya wuce misali, ka tsaya nan take a kai ka asibiti, kada a tsaya shafa man zafi. Tsamin jiki washegari ba komai ba ne, yakan fi tsanani a kwana na biyu sannan ya sake ka. Amma ciwon da ya tsaya a gaɓa ɗaya, ko kumburi, ko ka tashi da safe bayan dunduniya ya riƙe har kana ɗingishi zuwa masallaci, wannan a dakatar da langa a zo mu duba ƙafar.