Abin da ya sa Joe Root ya ajiye kyaftin

Ka tambaya ko shan kaye ne kaɗai ya sa Joe Root ya ajiye kyaftin ɗin Ingila a wasan kurket na Test, wato mai ɗaukar har kwana biyar, cikin Afrilun 2022. A'a. Shan kayen ya taimaka, tunda wasa ɗaya suka ci cikin 17 na ƙarshe, amma shi da bakinsa ya ce nauyin yana bin sa har wajen fili. Wasanni 64 ya jagoranta kafin ya sauka, kuma bai daina buga wa ƙasarsa ba.

Na taɓa riƙe kyaftin a ƙaramar ƙungiya, na ɗanɗana. Ka dawo gida, ɗanka yana jan rigarka, kai kuwa hankalinka na kan wanda za ka ajiye a benci gobe. Balle Root, da wasa ɗaya kan ci masa kwana biyar, tafiya Ostareliya buga wasanni kuma wata biyu.