Tambaya da Amsa: 'Yata Ta Nace Sai Wasan Kwaikwayo

Tambaya: 'Yata ta nace sai ta karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello. Mace na cin abinci da shi kuwa? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Hajiya, tana ci. Digirin shekara 4 ne a Samaru, amma sai ta ci Turanci da Adabin Turanci a WAEC ko NECO. Ba hawa dandamali kaɗai ake koya ba, akwai rubuta wasa, ba da umarni, tsara sutura da kwalliya. Inda gizo ke saƙa shi ne atisaye, yakan kai dare, don haka ki nema mata ɗaki cikin makaranta. In ta fara aiki, kada ta yarda da cinikin baka. A rubuta kuɗin, a ba ta kafin alƙalami, don a nan aka fi cutar mata.