Ranar da na tashi zuciyata a cunkushe, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata. Yawancin ranaku ina lallaɓawa, amma akwai ranar da zan tashi jikina duk a mace, ko shara ba na iyawa, abu kaɗan sai kuka. Kowa cewa yake in yi haƙuri, har na fara zargin imanina ne ya yi rauni. Me zan riƙa yi a irin wannan rana? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta.

Bari in fara sauke miki kayan da kika ɗora wa kanki: kukanki ba raunin imani ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ciwon rashi haka yake, yakan lafa makonni, sai ki buɗe akwati ƙamshin turarenta ya bugo ki daga mayafi, ko ki ci karo da lambarta a waya, komai ya dawo sabo fil. Ba komawa baya kika yi ba.

A irin wannan rana ki rage buri. Kada ki auna kanki da ranar da kike da ƙarfi. Wanki zai jira, shara ma haka. Kuma kada ki zauna jiran zuciya ta yi sanyi kafin ki motsa. Da jiki ake farawa, zuciya ta biyo a hankali. Ki sha ruwa, ki watsa ruwa ko da ba ki so, ki ɗauki tabarma ki zauna a hantsi minti 15. Hasken safiya shi ke daidaita wa jiki lokacin barci da farkawa, daren ranar za ki ga amfaninsa.

Sai ciki. Mai baƙin ciki yakan manta da abinci, yunwa kuma ta ƙara masa rawar jiki da saurin fushi. Nana A'isha (RA) takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rasuwa talbina, wato kunun sha'ir, domin ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Ina son wannan hadisin ƙwarai, saboda ya nuna mai makoki yana buƙatar a kula da cikinsa, ba wa'azi kaɗai ba. In tuwo ya ƙi shiga, kofin kunun gyaɗa mai ɗumi ko koko ya wadatar. Shayi mai kauri, kofi da goro kuwa ki bar su daga Azahar, suna daɗewa a jini su hana barci.

Idan ƙirji ya matse, kada ki tashi daga sallaya da kin sallame. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, na ɗan mintuna. Jan lokaci wajen fitar da numfashi yana rage bugun zuciya.

Ki kuma ware mutum ɗaya, yayarki ko aminiya, wadda za ki iya ce wa, “Yau ba ni da ƙarfi, zo ki zauna da ni.” Ki zaɓi mai iya sauraro, wadda za ku yi hirar Mama ku ambaci halayenta ba ta katse ki ba. Haƙuri bai hana faɗin abin da ke ci miki rai.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki aika kemis a sayo miki maganin barci. Irin su diazepam suna kama jiki, rabuwa da su wahala ce.

Duk wannan na ranakun da ke zuwa su wuce ne. Idan nauyin ya zauna kusan kullum har mako 2, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita ranki, barci da ci suka rikice, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ko asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Idan kuwa tunanin cewa gara ki mutu ko ki cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Ki faɗa wa wani na kusa a ranar, ya raka ki wurin likita.