Jikina na cikin sahu, zuciyata na bakin buhu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, awon hatsi nake yi a nan Maraɗi. Salla ba ta wuce ni, amma da na yi kabbara sai lissafi ya taso mini: wa ke bina, wa nake bi, nawa tiya ta kwana. Wani lokaci har a yi sallama ban san surar da liman ya ja ba. Kwanakina ma haka suke wucewa, ba na jin ɗanɗanon komai. Wani abokina ya ce sai na shiga halwa zuciyata za ta dawo. To ina da iyali, ba zan iya rufe rumfa ba. Ina mafita? Daga ɗan'uwanku a Mokoyo.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, fara kwantar da hankalinka, sallarka ta yi. A mazhabar Malikiyya tunanin duniya cikin salla makaruhi ne, ba ya ɓata ta, sai dai yana rage lada. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammar ɗan Yasir cewa mutum kan idar da salla ba a rubuta masa ba sai ushirinta, wani kashi ɗaya cikin tara, wani cikin takwas, har zuwa rabi. In kuwa lissafin ya kai ka ga kokwanton raka'a uku ka yi ko huɗu, ka ɗauka uku ce, ka ciko, ka yi sujada bayan sallama.

Kuma ba a kanka farau ba. Sahabi Hanzala ya taɓa cewa da Sayyidina Abubakar shi kam ya zama munafuki, don in suna gaban Manzon Allah (SAW) kamar suna ganin wuta da aljanna da idonsu, amma da sun koma cikin mata da 'ya'ya da gonaki sai su manta da yawa. Abubakar ya ce wallahi shi ma haka yake ji. Suka kai maganar gaban Annabi, ya ce da za su dawwama a kan halin da suke ciki a wurinsa, da mala'iku sun yi musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, amma ya Hanzala, sa'a da sa'a. Hadisin yana cikin Muslim. Annabi bai ce masa ya saki gona ba.

Batun halwa kuwa, tana da mutanenta da sharuɗɗanta, ana yin ta a hannun shehi, ban kuma raina ta ba. Amma mai ciyar da gida wanda zai rufe rumfa ya bar yara da yunwa ya saki wajibi ya kama nafila. A Suratun Nur aya ta 37 Allah ya yabi wasu maza da fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambatonSa. 'Yan kasuwa ne, suna cikin cinikinsu aka yabe su.

Ni a ganina, tun kafin ka shiga masallaci matsalar take farawa. Tulun da aka jijjiga ba ya kwanta nan take, sai an ajiye shi laka ta koma ƙasa. Kai kuwa ana tada iƙama kana kan ciniki, salula na kunnenka, ka watsa ruwa a gaɓoɓi cikin gaggawa, ka shiga sahu kana haki. Ta ina zuciya za ta riske ka? Annabi ya ce in an tada salla kada a zo mata a guje, a taho cikin natsuwa. Ya hana yin ta alhali an ajiye abinci ko mutum na matse da fitsari. Shi kansa ya taɓa salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar da shi don zanen ya ɗauke masa hankali. To in zanen tufa ya isa a kawar da shi, ina ga salula? Da an kira salla ka rufe bakin buhu, ka rubuta bashin da ke kanka a takarda, domin abin da aka rubuta zuciya ba ta ta nanata shi, ka kashe waya, ka yi alwala a tsanake. Sannan ka zauna da wani malami ya fassara maka Fatiha da gajerun surorin da kake karantawa, aya aya. Da yawanmu bakin na karatu ne zuciya ba ta san me ake faɗi ba, dole ta nemi abin yi.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda ya fi ja mini hankali, wato kwanakin da ke wucewa ba ɗanɗano. Alƙur'ani ya yawaita cewa a duba, kuma abin da yake cewa a duba ɗin na kusa ne. A Suratul Gashiya, aya ta 17 zuwa 20, raƙumi aka nuna wa Balarabe, da sama, da duwatsu, da ƙasa, abubuwan da yake gani kullum har ya daina ganinsu. Kai ma kana da naka. A Suratul Waƙi'a, aya ta 63 da 64, an tambaya: kun ga abin da kuke shukawa? Ku ke tsirar da shi ko Mu ne masu tsirarwa? Wannan tambayar tana cikin hannunka tun safe har magariba. Wata rana in kasuwa ta lafa, ɗebi hatsi a tafin hannu ka dubi ƙwaya ɗaya. Wani ya sara rami da sungumi bayan ruwan farko, matarsa ko ɗansa ya bi baya yana jefa iri yana take shi da diddige. Daga nan hannunsu ya fita. Ƙwayar ta tsage cikin duhun rairayi ba wanda ya gani, ta tsallake fari da tsutsa da tsuntsu, cikin wata uku ta zama zangarniya mai ɗaruruwan irinta, aka yanka, aka ɗaure dami, aka sussuka, aka sheƙe, jaki ko amalanke ya kawo ta gabanka. Minti biyu sun ishe ka wannan tunanin, kuma ibada ce.

Ko ka dubi gawo. Duk itatuwan daji na yin ganye da damina, shi kuwa lokacin yake kaɗe nasa, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya samu rana, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani, sa'ad da ƙasa ta ƙone, sai ya yi kore shar, jajayen awakinmu su sha inuwa su ci 'ya'yansa. Manoman jihar nan sun gane haka, shi ya sa tun shekarun 1980 da yawansu suka koma barin tohon itace a gona wajen sassabe. Masana aikin gona za su gaya maka saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai, tana kuma ƙara wa gona ƙarfi. Sanin wannan ba ya rage wa mumini mamaki, ƙara masa yake yi, don haka ina ganin malamin da ke tsoron ilimin tsirrai da na taurari ya cuci ɗalibansa.

Gulbi ma yana nan bayan gari. Da bazara rairayi ne zalla, yara na ƙwallo a cikinsa, da marka kuwa babba ba ya yi masa gangancin ƙetarewa. Shi ne a 1945 ya ci tsohon gari har aka tashi aka hau tudu. In ruwan farko ya sauka kada ka tsaya kan ja wa buhuna tamfol kaɗai. Anas ya ce Annabi ya yaye tufarsa ruwan sama ya taɓa jikinsa, ya ce domin ruwan yanzu ya zo daga Ubangijinsa. Nana A'isha kuma ta ce in ya ga ruwa yakan roƙi Allah ya sa mai amfani ne.

Amma wurin da za ka fi gwada kanka shi ne bakin tiya. Da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Annabi game da ihsani, amsar ita ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in ba ka ganinSa to Shi yana ganinka. Ga mai awo, wannan na nufin tiyar da kake saye da ita ita ce wadda kake sayarwa da ita, tozon da kake ɗora wa Alhaji shi kake ɗora wa tsohuwar da ta ƙulle 'yan daloli a bakin zane. Farkon Suratul Muɗaffifina don masu awo ya sauka. Wanda ya yini yana jin ana kallonsa a kasuwa, ba ya shan wahalar jin haka a sahu.

Kada ka ɗauki duka lokaci ɗaya. Fara da salla guda, ta asuba ta fi sauƙi tunda ciniki bai fara ba. Sai dai in rashin ɗanɗanon nan ya haɗa da rashin barci, ko ƙin abinci, ko baƙin ciki mai nauyi da ya ɗauki makonni bai saki ba, to ka je asibiti ka gaya wa likita, kana addu'a kana shan magani. Allah ne mafi sani.