Amsa Ga 'Yata Da Aure Zai Kai Fatakwal

Assalamu alaikum, 'yata.

Na ga saƙonki, inda kika ce kin ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, an kuma sa ranar aurenki bayan Babbar Sallah, sai dai wanda za ki aura a Fatakwal yake aiki, shi ya sa kike tambaya ko barin Gombe tun ba ki fara aiki ba zai kashe miki sana'a. Kin kyauta da kika tambaya tun ba a ɗaura ba.

Ki kwantar da hankalinki a kan lasisi. Na ƙasa baki ɗaya ne, yana aiki a Ribas kamar yadda yake aiki a nan, abin da ke kanki shi ne sabunta shi duk lokacin da wa'adinsa ya cika tare da halartar bitar da hukumar ta wajabta. Abin da ya fi damuna shi ne hannunki. Makaranta ta ba ki ilimi, amma shekara biyun farko a ɗakin marasa lafiya su ne suke mayar da ɗaliba ma'aikaciyar jinya, domin a nan ido yake koyon gane mai jegon da jini ke tsiyaye mata tun ba ta yi ƙorafi ba, a nan kuma yatsa yake sabawa da lalubo jijiyar yaron da gudawa ta busar. Wannan sani ba a ajiye shi a akwati tare da kayan lefe a ɗauko shi bayan an haihu.

Ni ganau ce. Bayan aurena na zauna fiye da shekara ba aiki a garin da ban san kowa ba, kuma ranar da na koma asibiti aka miƙo mini jariri in sa masa ƙarin ruwa, sau uku ina soka kanula, wato allurar da ake sa wa a jijiya, ina kuskure, uwarsa tana kallona, har sai da wata da na girme ta karɓa. Na yi watanni kafin hannuna ya daina rawa, kuma har yau ina tuna kukan yaron nan.

Saboda haka ban ce ki fasa tafiya ba, amma ki nemi aikin tun kina gidanku. Ki sani cewa gwamnatocin jihohi sukan fifita 'yan asalin jiha wajen ɗaukar ma'aikata, don haka kada ki ɗora dukan burinki a kan aikin jiha. Asibitocin tarayya, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, kowannensu shi yake ɗaukar nasa ma'aikatan, kamar yadda Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yake yi, kuma ba kullum ƙofa take buɗe ba. Mai yiwuwa da asibitin kuɗi za ki fara, kuma babu aibi a cikin haka. Sai dai kafin ki tambayi albashi, ki tambayi wace ce babba a ɗakin da za a ajiye ki, da kuma ma'aikata nawa ne suke kwana da dare. Wurin da za a bar sabuwar nas ita kaɗai da gadaje cike, komai tsokar albashinsa, zai koya miki gaggawa da ɓoye kuskure. Idan kuma akwai sharaɗin yi wa jiha aiki a takardun karatunki, ki warware shi kafin ki tashi.

Sai maganar da 'yan mata suke jin nauyin yi, wato aikin dare. Saurayi yakan ce ya amince matarsa ta yi aiki, alhali a zuciyarsa aikin safe yake hangowa, bai taɓa kawo cewa za ki bar gida bayan magariba ki dawo da hantsi ba, ko ki yi ranar Sallah a ɗakin haihuwa, ko ki duba majinyata maza. Ki zayyana masa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan ki roƙi Baffanki ya maimaita su a gaban waliyyinsa, domin a nan kina da uwa da ƙanne da za su riƙe miki yaro, can kuwa daga ke sai shi. Na ga ƙwararrun ma'aikatan jinya da dama sun ajiye farin kaya a kan wannan gaɓa kaɗai.

Harshe ma aiki ne. A nan majinyaci yana faɗa miki ciwonsa da Hausa ko Fulatanci, can kuwa yawanci da Turancin buroka za a yi miki bayani, sai ki saurara da kyau, kada ki ji kunyar cewa a maimaita.

Daga yanzu zuwa ranar biki, kada ki zauna jiran ɗinki. Ki zo da kofin takardunki ranar Litinin bayan zagayen likitoci, mu je wurin shugabar ma'aikatan jinya mu nema miki izinin aikin sa-kai a ɗakin yara, inda zan riƙa ganin hannunki da idona.