Amsa: Shin Back in Black ne ya kafa kiɗan rok mai nauyi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko albam ɗin ƙungiyar mawaƙa ta AC/DC mai suna Back in Black shi ne mafarin kiɗan rok mai nauyi. A'a, ba shi ba ne. Ya fito a watan Yulin 1980, lokacin ƙungiyoyin Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath sun riga sun share fage tun 1969 da 1970. Abin da ya ba shi matsayi shi ne yadda aka naɗe sautinsa, da kuma cewa ƙungiyar ta tashi tsaye watanni biyar kacal bayan rasuwar mawaƙinta Bon Scott, da sabuwar muryar Brian Johnson. Baƙin bangon albam ɗin ma na makoki ne.

Amma sai ka saurara da abin kunne mai kyau ko lasifika biyu kafin ka gane abin da nake nufi game da sautin. Mutt Lange, wanda ya shirya shi a situdiyon Compass Point da ke Bahamas, ya raba sautin makaɗan jita biyu na ƙungiyar: jitar Malcolm Young a hagu, ta ƙanensa Angus a dama, kuma ba a cika musu ƙara mai kaushi ba, shi ya sa kowace igiya ke fita tsaf, har da ɗan shirun da ke tsakanin bugu da bugu. Idan ka kunna a lasifikar waya, duk sai su cakuɗe wuri ɗaya, amon ƙararrawar da ke buɗe waƙar farko ta albam ɗin, Hells Bells, ma ya koma kamar an buga gwangwani.